Bature Mai Gangar Noma, Wanda Ba Ya Kaɗa wa Na Tsaye

Da an sallame sallar asuba, Malam Bature zai shiga ɗaki ya fito da gangarsa, ya jingine ta a bangon da rana ke fara duka. Zai zauna kusa da ita ya sha kokonsa. Idan fatar ta ji ɗumi sai ya taɓa ta da yatsa, ya kasa kunne, ya mayar da ita ɗaki ya rataye. Iyakar aikin gangar ke nan a yini. Daga nan ya saɓa gizagonsa ya nufi layin maƙera a kasuwar Birnin Gwari, inda yake sassaƙa ƙotar garma da ta fartanya har la'asar. Siriri ne, baƙi wuluk. Ranar Talata aka haife shi, iyakar haɗinsa da Turawa ke nan.

Mutanen da ke tsayawa a kansa suna taya ƙota, rabinsu muryarsa na cikin aljihunsu. Kun san waƙar nan ta takin zamani da direbobi ke sakawa daga nan har Funtuwa:

Taki ya iso, taki ya iso,
Ya same mu muna ɗaurin dami.
Maraba da baƙon kaka,
Zauna ka ci tuwon da ba ka noma ba.

Tasa ce. Shi ya tsara ta, shi ya rera ta a wata gona a ƙasar Kazage, wani ya ɗauka da waya, iska na kaɗawa, akuya na kuka a gefe. Ta yi yawo a wayoyi har ta gaji. A wata wayar sunanta "waƙar gargajiya", a wata "wani tsoho", a wata kuma lambobi ne kawai. Wani masanin bakin titi ya taɓa rantse mana a wurin ɗaurin aure cewa tun zamanin kakanni ake yin ta, ya manta kakannin ba su san takin buhu ba, balle su zauna jiransa. Haka muke. Mu ci tuwo, mu suɗe hannu, mu ce tukunya ce ta tuƙa kanta.

Bana Malam Bature ya ce ya ajiye gula, wato sandar kiɗa, domin hannunsa na dama ya fara rawa ba da izininsa ba. Shi ya sa wannan jinjina ta zo yanzu, tun yana iya sa a karanta masa ya ce an yi ƙarya a wuri kaza. Mun saba sai mutum ya kwanta dama sannan mu gano ashe yana da kirki.

A Rafin Ɗinya aka haife shi, wani ƙauye a bakin daji inda Hausawa da Gbagyi ke noma gona da gona. Kawunsa Isah shi ne makaɗin noman ƙauyen. Ga wanda ya tashi a birni, gayya ita ce a taru a gonar mutum ɗaya, a jeru da garemani, kowa ya kama kunyar shukarsa, a gama masa huɗa a yini guda, gobe a koma gonar wani. Makaɗi yana gaba, yana fuskantar manoma, yana tafiya da baya. Kowane manomi yana da takensa, kiɗan da aka yi masa shi kaɗai da 'yan baitocin da ke tafiya da shi. In aka kaɗa maka naka, ko ƙugunka ya ƙage sai ka ji ƙarfi ya zo daga inda ba ka ajiye shi ba.

Da aka kai Bature wurin kawunsa koyon kiɗa, ya zaci ganga za a rataya masa. Garma aka miƙa masa. Damina ta zo ta wuce yana huɗa a ƙarshen layi. Sai da ya san inda numfashi ke yankewa da inda gwiwa ke fara roƙon arziki, sannan aka ba shi tsohuwar ƙwarya da ƙirare, aka ce ya tsaya gefen kawunsa ya koyi tafiya da baya. Ya faɗa rami, ya taka ƙaya, ya taɓa zama daram a kan gidan cinnaku. In kuwa ya ɗaga ido ya dubi fuskar manomi, sai ya ji gula a ƙeya.

"Fuska maƙaryaciya ce," in ji Kawu Isah. "Bayansa za ka duba. Baya ne zai gaya maka ko ka zafafa kiɗa ko ka sassauta."

Ranar da ya miƙa masa ganga kuma ya ɗora masa doka guda. Ba a kaɗa wa mutum takensa sai yana duƙe a kan garma. In ya mutu, magajinsa ya duƙa a madadinsa. Na tsaye ba shi da take, na zaune ma haka.

Wannan dokar ce ta raba Malam Bature da arziki, kuma matarsa Saude ba ta gajiya da tuna masa. Wata shekarar zaɓe, wani ɗan takara, ba sai an faɗi sunansa ba tunda bai ci ba, ya aiko mutanensa da sabon babur, ko ledarsa ba a cire ba, a kan a yi masa take. Malam Bature ya zagaya babur ɗin, ya shafa kujerar, ya ce madalla, a kawo Alhajin gona, ga garma.

"Baba, Honorabul ne fa," in ji jagoran 'yan aiken. "Ciwon baya gare shi, likita ya hana shi sunkuyo."

"Allah ya ba shi lafiya. In ya warke ina nan."

Babur ya koma inda ya fito. Saude, wadda ta riga ta gama tsara unguwannin da za a kai ta a kansa, ta leƙo ta bayan zana ta ce, "Baban Ummi, kai da gangarka ku ci gaba da tafiya da baya. Wata rana za ku isa."

Ban da taken manoma da ya gada ya kuma ƙara, Malam Bature ya tsara waƙoƙin kansa, kuma a nan ne ya wuce kawunsa. Ya yi wa gwaggon birin dajin Kamuku waƙa, wanda ke cinye masara ya jera totuwa a bakin gona kamar ya zo karɓar haraji. Ya yi wa hanyar Kuyello, wadda in Agusta ta kama sai mai babur ya ɗauko babur ɗinsa a ka. Ya yi wa ragon da ba ya isowa gayya sai an sauke fura. Bai taɓa zama ya ce yau zan yi waƙa ba. Yana sassaƙa ne bakinsa na motsi, in ya dawo gida ya rera wa Saude. In ta yi dariya, waƙa ta rayu. In ta ce "to", an binne ta ke nan.

Sai daji ya canja. Ba sai an ba mutanen Birnin Gwari labarin abin da suka gani da idonsu ba. 'Yan bindiga suka mayar da zuwa gona caca da rai. A Rafin Ɗinya Gabriel suka fara kashewa, sarkin noman ƙauyen, mutumin da ke jan layi a kowace gayya. A gonarsa suka same shi. Kafin kaka ƙauyen ya watse, wasu cikin gari, wasu Funtuwa, wasu Kaduna. Mazan da ake kaɗa wa take suka koma acaɓa da dako da gadin gidajen mutane. Ganga ta koma shan hantsi.

Taken mutanen nan ba ya cikin wayar kowa, domin masu ɗauka da waya waƙar dariya suke so. Yana cikin kan mutum ɗaya da hannunsa na dama, hannun kuma ga halin da yake ciki. In ya tsaya, ba abin da zai rage na Rafin Ɗinya sai kufai.

Wanda ya fara damuwa da wannan shi ne Nu'uman, mai sitidiyo a kusa da tasha, inda ake buga waƙoƙin biki da na siyasa, fiyano ya yi rabin aiki, kwamfuta ta yi sauran, mawaƙi ya sa hula ya ɗauki hoto. Marigayi mahaifinsa manomin Rafin Ɗinya ne, yana da take. Nu'uman ya yi ta sintiri a layin maƙera har maƙeran suka fara tambayarsa ko gona ya saya.

"Dokar fa?" in ji Malam Bature. "Wa zai duƙa?"

"Baba, ai ba mutum za ka kaɗa wa ba. Na'ura za ka kaɗa wa, ita kuwa ba ta tsaye ba ta zaune."

"In ya shiga waya, wani ya kunna yana kwance a katifa fa?"

Saude ce ta amsa wannan a gida. "Alhakin na mai katifar ne. In ka mutu da su a cikinka, alhakin naka ne. Zaɓi wanda za ka iya ɗauka."

Ya yarda. Ya sake wa ganga fata, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi. Nu'uman ya shigar da shi wani ɗan ɗaki da aka liƙe da soso ko'ina, ba taga, ya ɗaura masa abin ji a kunne, ya tsayar da shi gaban makirfo, ya ja ƙofa. Malam Bature ya ɗaga gula ya fara. Kiɗan ya ruga, ya yi tuntuɓe, ya tsaya. Aka sake. Ya ja jiki kamar mai ciwon ƙafa, ya ɓace a tsakiya. Nu'uman ya saka masa wani ƙas-ƙas na kwamfuta a kunne don ya riƙe masa lokaci, abin ya ƙara dagulewa. Aka yi ta "Baba, a sake" har man janareta ya ƙare. Tsohon ya fito jiƙe da gumi, ya dubi hannunsa.

"Ya tafi, ɗana. Ka yi haƙuri na ƙona maka mai."

Ya koma gida ya cusa ganga a buhu, ya tura ta ƙarƙashin gado. Washegari rana ta duki bango ba ta tarar da kowa ba. Labari ya isa teburin mai shayi, kuma mu da ba mu taɓa tambayar sunansa ba, a yini ɗaya muka zama likitocinsa. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce hawan jini, wani ya ce sammu ne daga ɗan takarar nan mai ciwon baya. Ba wanda ya je ya gaishe shi.

Saude ce ta yafa mayafi ta tafi tasha ta ga ɗakin da idonta.

"Nan ka sa shi?"

"Nan ne, Inna. Sai an toshe ko'ina sauti ke fita tas."

"Me yake kallo?"

"Kallo kuma? Ai aikin kunne ne."

"Na ce mene ne a gabansa?"

"Bango."

"Bangon yana huɗa? Tun da aka kawo ni gidan mutumin nan ban taɓa ganin ya kaɗa ganga ba sai da bayan wani a gabansa, ƙafarsa na tafiya. Ka kafa shi wuri ɗaya kamar turke, ka ce ya yi kiɗa. Shi ma da ya biyo ka, ku biyun sai a hankali."

Abin haushin ke nan. Mutumin da ya sha gula a ƙeya don ya koyi kallon baya, shi da kansa bai gane abin da ya rasa a ɗakin ba. Ya ɗora wa hannunsa laifi, mu kuma muka taya shi.

Nu'uman ya kama waya. Wani bawan Allah ya ba da aron gonarsa a bayan gari. Da ruwa ya zauna aka sa rana, mutanen Rafin Ɗinya suka fara sauka a tasha ɗaya bayan ɗaya, wasu sun yi tumbi, wasu sun rame, duk tafin hannunsu ya yi laushi. Garemanin da aka raba musu, ƙotarsu duk sassaƙar Malam Bature ce. Nu'uman ya ɗaura makirfo a kan gora, ya sa masa safa saboda iska, ya rataya batir a jaka, yana bin gefen layi a karkace kamar ƙaguwa.

Waɗanda suka tsaya kusa sun ce hannun tsohon yana rawa sosai kafin a fara, har gula na ƙwanƙwasar gefen ganga. Aka jeru, aka duƙa, garemani suka sauka a ƙasa. Hannun bai daina rawa ba, kada a ce an yi ƙarya. Amma ya sami abin bi. Malam Bature ya ja ƙafa baya, kiɗa ya miƙe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani mai gadi a Kaduna ya ji takensa ya yi kururuwa ya wuce na kusa da shi, ya kai ƙarshen kunya ya zube yana haki yana dariya. Da aka zo kan na mahaifin Nu'uman, tsohon ya tsaya ya dube shi. Dole mai sitidiyo ya miƙa wa wani gorar, ya naɗe wando, ya duƙa. Kunyar da ya yi ta fito kamar maciji ya bi ta kan yashi, amma an kaɗa, an ɗauka.

Rana ta karkata lokacin da Malam Bature ya sauke gula ya ce, "Saura na Gabriel."

Gabriel bai bar ɗa namiji ba, 'yarsa Praise tana aure a Kaduna. Wani ya ce kowa ma ya duƙa masa, ai duk ɗaya ne. Tsohon ya girgiza kai, ya ce sai na gidansa. Wani ya ce to a haƙura da shi. Da alama a nan za a tsaya, a ɗauki taken kowa a bar na wanda ya fi kowa, saboda taurin kan mutum ɗaya da dokar wani kawu da ya daɗe a ƙasa.

Susan, matar marigayi Gabriel, tana cikin matan da suka kawo kunu, tukunya a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗauka. Ta sauke ta, ta ɗaure zane tamau, ta zare garma daga hannun na kusa da ita, ta je ta tsaya a kan layi, wurin da mijinta ke tsayawa.

"Maman Praise," in ji Malam Bature, "mace ba ta shiga layin gayya."

"Wa ya faɗa?"

"Haka muka tarar."

"Ƙauye ma ka tarar, yana ina? In Gabriel ya tafi gayyar wasu, wa ke nome tasa gonar? Kai? Kawunka cewa ya yi magaji ya duƙa, to ga ni. Kaɗa mini, Bature, rana na tafiya. In kuma hannun ne ya mutu da gaske, ka faɗa mu koma gida."

Ba ta jira amsa ba, ta duƙa. Ya tsaya yana kallon bayanta, bayan da ya sha dakon itace da doya da gudun tsira. Sannan ya ɗaga gula.

Gabriel na Susan, gawo mai inuwar rani,
Ka riga rana fita, ka baro ta a hanya.
Kunyarka ba ta san karkata ba,
Mai son bin sawunka ya sha ruwa tukuna.

Taken Gabriel kiɗa ne mai gudu, haka kowa ya san shi. Ranar nan a hankali ya tafi, sara ɗaya, numfashi, sara ɗaya. Mazan suka duƙa a bayanta, ba wanda ya wuce ta, kamar yadda ba a taɓa wuce mijinta ba. A cikin abin da Nu'uman ya ɗauka ana jin saukar garma, ana jin hakinta, ana jin inda muryar tsohon ta karye a tsakiyar baiti ya haɗiye ya ci gaba. Ana kuma jin Saude tana ce wa wani, "Kai matsa, ka tare mini."

Da Susan ta kai ƙarshen kunya ta miƙe da ƙyar, ta share fuska da gefen zane.

"Ka ja shi da yawa. Gabriel ba ya tafiyar hawainiya."

"Bayanki na bi, Maman Praise."

"To ka kyauta."

Nu'uman ya koma sitidiyo da niyyar share hayaniya ya ɗora fiyano, ya saurara, ya fasa. Abin da ya ƙara kawai shi ne muryarsa a farkon kowane take yana cewa, "Kiɗan Bature na Rafin Ɗinya." Ba a yi nisa ba wani gwani ya yanke wannan farkon don wai yana cin wuri, ya tura sauran da sunan "tsohuwar waƙa mai sa kuka". Allah ya shirye mu.

Malam Bature, kai ne ka kaɗa wa talaka a lokacin da kiɗa ya koma ƙofar masu hali. Kai ne ka bar babur ya tafi, ka taka da ƙafa, kuma har gobe Saude ba ta yafe ba. Kai ne ka riƙe ƙauye guda a cikin kanka bayan an kore shi daga ƙasarsa, ka sauke shi lafiya kafin hannu ya ƙi. Taurin kanka ya gajiyar da duk wanda ya so ka da alheri, kuma da ba don shi ba da yau taken Gabriel yana tashi a gangamin wani mai ciwon baya. Na gaban layi, mai ido a bayan manoma, mun gode. Allah ya saka maka, ya sassauta wa hannun nan, ya mayar da mutanenka gonakinsu.

Mu kuma sauran, ba a ce kowa ya koyi ganga ba, ko da yake mai so ya san layin maƙera, tsohon yana nan har la'asar, kuma garma zai fara miƙa masa. Abin da ake roƙo kaɗan ne. In za ka tura waƙar mutum, ka rubuta sunansa, yatsanka ba zai karye ba. In a unguwarku akwai tsoho ko tsohuwa da ke riƙe da abin da ba kowa ke da shi ba, ka je yau, kada ka jira ranar ta'aziyya ka zo kana ba mu labarin kirkinsa.

Tsoron da Malam Bature ya yi na masu katifa ya tabbata, suna nan suna kunnawa a kwance. Amma akwai waya ɗaya a garin nan da doka ke aiki a kanta. Susan tana da 'yar gonar kuɓewa a bayan cocinsu, kuma a can kaɗai take kunna taken mijinta, waya a ƙulle a bakin zane, ita a duƙe. Kwanan baya maƙwabta suna zaune a inuwa suka ce ta saka musu su ji. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mai son ji," ta ce, "ga fartanya can a jingine."